Yadda ake zaɓen tiyon ruwan sha na motar tafi-da-gidanka

Karon farko da muka fita da iyali a motar tafi-da-gidanka, irin wadda Amurkawa ke ce wa RV ɗin nan, mai gado da kicin da banɗaki duk a cikinta, wallahi maganar tiyo ko a jikina. Haya muka ɗauko ta, muna shirin tashi na hango koren tiyon da nake ba shuka ruwa da shi a gida, na naɗe na cusa a akwatin gefe, a raina ai tiyo tiyo ne, ruwa dai zai bi ta ciki ya wuce. Muka isa zango wajen azahar, na jona shi a famfo na bar shi kwance a rana, bayan la'asar uwargida ta ɗora shayi, kurɓa ɗaya ta yi ta dire kofi ta ce Malam wannan ruwan daga ina ka jawo mana shi, warin taya fa yake. Na ɗanɗana, sai ka ce an tafasa silifas a ciki. Kwana ukun nan a ruwan gora muka ƙare su, har na girki.

Yanzu da muke da tamu motar tiyon da ya bi ta hannuna ya kai biyar, to ga yadda nake zaɓa, daki-daki.

Amma bari ka fara jin dalilin warin tukuna don ka san me kake gudu. Tiyon lambu yawanci da robar PVC ake yin sa, ita kuwa PVC a asalinta tauri gare ta kamar bututun famfo, sai an zuba mata wasu sinadarai da ake kira fitalet kafin ta yi laushin da za a naɗe ta. Ga kuma bakin tiyon na tagulla wanda aka saba gauraya shi da dalma don ya yi sauƙin yanka a inji. In ruwa ya kwanta a ciki rana ta dafa shi sai waɗannan abubuwa su riƙa tsattsafowa cikin ruwan, kuma da wannan ruwan za ka yi alwala ka kuskure baki, da shi za a dama wa yaro madara. Mu ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010 inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinare. Ba cewa nake tiyo zai yi irin wannan ɓarnar ba, tazarar da nisa ƙwarai, sai dai ita dalma taruwa take a jiki a hankali kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa.

A Amurka akwai dokar da ta fara aiki ranar 4 ga Janairun 2014, ta rage yawan dalmar da aka yarda a samu a kayan famfon ruwan sha daga kashi 8 cikin ɗari zuwa kashi 0.25. To amma dokar ba ta hau kan kayan ban ruwan lambu ba, kaga kenan koren tiyona yana da lasisin yin abin da ya ga dama. Wata ƙungiya mai suna Ecology Center da ke garin Ann Arbor a jihar Michigan ta gwada tiyon lambu guda 32 a 2016, ta samu dalma da fitalet a na PVC da yawa, waɗanda ba na PVC ba kuma ba a samu waɗannan a jikin robarsu ba. Har cikin waɗanda aka rubuta wa na sha ne an samu 'yan kaɗan masu fitalet, wannan ka riƙe shi, za mu dawo kansa.

Abu na farko, kafin ka shiga kanti ko ka buɗe Amazon, zagaya motarka ka ƙirga bakunan ruwa nawa gare ta. Yawanci za ka ga biyu. Ɗaya mai tiredi ne, wato haƙoran nan da ake murɗa tiyo a kai, an rubuta city water a samansa, shi wannan in ka jona ruwan famfon zango ne ke shiga bututun motar kai tsaye da ƙarfinsa, ba ruwanka da tanki ba ruwanka da kunna injin turo ruwa. Ɗayan na cika tanki ne, a wasu motocin rami ne kawai mai murfi kamar na zuba mai, ka zura tiyo ka cika ka zare. Wasu sababbin an haɗe su a baki ɗaya da ɗan hannu da ake juyawa. Sai kuma na uku da motoci da yawa ke da shi, kuma nan nake so ka buɗe ido da kyau, bakin wanke tankin masai. Kamarsu ɗaya sak da na ruwan sha, tiredi iri ɗaya, wani sa'in ma taƙi ɗaya ne tsakaninsu. Tiyon da kake sha da shi kada ya hau wannan bakin ko da wasa. Eh akwai abin da aka sa a ciki mai hana ruwa komowa baya, amma ƙirar ɗan adam ce, tana lalacewa ba sallama. Don haka tun yanzu sa a lissafinka tiyo iri biyu za ka saya, na sha da na ƙazanta, shi na ƙazantar ka zaɓi launin da ko cikin magagin barci ba za ka ruɗe ba, ruwan lemo ko baƙi. A nan ne koren tiyon lambu zai iya samun aiki.

Ka kuma duba tiredin wace ƙasa ce. Amurka da Kanada nasu ana kiran sa GHT, inci 3/4, haƙori 11.5 a kowane inci. Ingila da Turai BSP suke amfani da shi, shi haƙori 14 ne a inci. Za su fara shiga juna kamar za su kama, murɗi ɗaya biyu sai su cije, in ka sa ƙarfi ka cinye tiredin, na motar kuwa sau da yawa roba ce. Wanda zai yi wa irin wannan motar lodi zuwa gida ta Legas ko Kwatano ya sayi adafta biyu uku ya jefa a ciki tun daga can, saboda kayan famfon kasuwanninmu ma'aunin Ingila suka fi bi.

Na biyu shi ne karanta rubutun jikin kwali, kuma duk cikin matakan nan babu kamar sa. Za ka ji ana cewa ka sayi fari kawai, fari shi ne na sha. Gaskiya ne an saba yin na sha fari ko shuɗi ko fari mai ratsin shuɗi, amma sabo ne kawai, babu dokar da ta hana kamfani yin farin tiyon lambu, kada ka yi wa rogo kallon kitse. Abin da za ka nema a rubuce shi ne drinking water safe, sannan a ce babu dalma, babu BPA (wani sinadarin roba ne shi ma), babu fitalet, za ka ga kalmar free a gaban kowannensu. In biyu kawai aka ambata aka yi shiru kan na ukun, ni ajiyewa nake in duba wani, domin kamfani ba ya mantawa da abin da zai yi taƙama da shi.

Sama da wannan kuma akwai lambobi biyu, NSF/ANSI 61 da NSF/ANSI 372, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba ko da yake masu talla na son haɗe su. Ita 372 maganar yawan dalmar da ke jikin kayan kawai take yi. Ita kuwa 61 ita ce babbar, ana jiƙa kayan ne a ruwa a auna me ya fito daga jikinsa ya shiga ruwan. Kaga bambancin kenan tsakanin kamfani ya yabi kansa da kuma wani daga waje ya gwada shi, shi ya sa na ce maka ka riƙe maganar gwajin 2016 ɗin can. In ka samu mai 61 ka fi samun natsuwa. A Ingila kuma tambarin WRAS ake dubawa, ko a rubuta food grade, nasu yawanci shuɗi ne.

Juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun baya ma. Tiyon lambu da yawa da bakinsu suke faɗa maka kada a sha, mu ne ba ma karantawa. Akwai kuma gargaɗin jihar Kalifoniya da ake kira Proposition 65, wanda ya samo asali tun 1986, shi kam ana manna shi a kan kusan komai har mutane sun daina ganin sa, amma in na gan shi a kan tiyo kuma ya ambaci dalma ƙarara, to mun rabu.

Na uku, da me aka yi jikinsa. Kashi uku ne za ka fi cin karo da su.

Akwai farin nan na PVC da aka yi don sha, irin TastePURE na kamfanin Camco ko AquaFresh na Valterra, shi ne ya cika kowane kanti har Walmart, kuma shi ne mai araha. Yana aiki lafiya lau, ni ma da shi na fara. Halin PVC dai kowa ya sani, in gari ya yi sanyi sai ya sandare kamar bulala, da asuba kana son naɗe shi yana son naɗe ka, kuma in ya saba da lanƙwasa a wuri ɗaya kullum nan zai riƙa karyewa ya toshe ruwa. Sabo kuma yakan ɗan yi ƙamshin roba kwana biyu kafin ya washe.

Sai na foliyuritan, wata irin roba ce daban da PVC, irin na kamfanin Water Right. Wannan shi ne zaɓina in aljihu ya yarda. Ba ya buƙatar sinadaran laushin nan tun asali, ba nauyi, ba ya sa wa ruwa ɗanɗano, sanyi ba ya sandarar da shi sosai. Tsada kam akwai, amma in kana yawan fita ko akwai jariri a tafiyar kwalliya na biyan kuɗin sabulu.

Na ukunsu shi ne mai rigar yadi a waje da siririyar roba a ciki, irin Zero-G, wanda in babu ruwa sai ya kwanta shafal ka tattare shi a ɗan wuri kaɗan. Ga wanda motarsa ƙarama ce wannan babban taimako ne, don a irin motocin nan wurin ajiya ya fi kuɗi wuya. Sai dai yadin na kwasar laka da ƙasa kuma yana daɗewa bai bushe ba, sannan ka tabbatar samfurin RV ka ɗauka ka kuma karanta kwalin kamar yadda muka ce. Kada ka haɗa shi da tiyon nan mai miƙewa da kansa in an kunna ruwa ya kuma tsuke in an kashe, wanda ake talla a talabijin, shi yawancinsa na wanke mota ne, ba a yi shi don ya kwana da ruwa a matse a cikinsa ba.

Na huɗu faɗi. Biyu aka fi gani a kasuwa, rabin inci da inci 5/8, kuma ramin ciki ake nufi. A ido bambancin kamar ba komai, amma in ka yi lissafin girman filin ramin gaba ɗaya, na 5/8 ya fi na rabin inci da kusan kashi 56 cikin ɗari. Inda za ka ji shi a jikinka shi ne wajen wanka, musamman in wani ya buɗe famfon kicin lokacin da kake cikin kumfa. In ku biyu ne a ƙaramar mota, ko tanki kawai kake cikawa, rabin inci ya ishe ka kuma ya fi sauƙin ɗauka. In iyali ne da yara ko tiyon zai yi tsawo, ɗauki 5/8 ka huta.

Na biyar tsawo, nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Ana sayar da su ƙafa 10, ƙafa 25, ƙafa 50, har da ɗan guntu mai ƙafa 4. Sabon shiga zai ce bari in ɗauki 50 gaba ɗaya kada in rasa, sai ya je ya tarar famfon ga shi nan dab da mota, ya tara sauran ƙafa arba'in a ƙasa kamar mesa ta haɗiyi akuya, rana na dukan sa. Tiyo mai 5/8 ƙafa 50 yana riƙe da ruwa kusan lita 3 a cikinsa, wannan lita ukun ne ke ɗumama duk yini, kuma ruwa mai ɗumi da ke tsaye shi ne gidan ƙwayoyin cuta. Ga shi duk yadda tiyo ya ƙara tsawo ƙarfin ruwa raguwa yake.

Abin da nake yi, mai ƙafa 25 guda biyu, wato kowanne mita 7 da rabi da 'yan kai, sai mai ƙafa 10 guda ɗaya. Yawancin zangon kuɗi irin su KOA guda ɗaya mai 25 ya kai. A wuraren gwamnati na cikin daji kuwa wani lokaci famfo ɗaya ne mutum biyu ko fiye ke rabawa, ko kuma ya zamana a wancan gefen motar yake, sai in haɗa biyun. Wata fa'idar kuma in ɗaya ya fashe da daddare ba ka kwana ba ruwa ba.

Na shida ka kama bakunan tiyon biyu ka duba da hannunka, domin tiyo ba kasafai yake mutuwa a tsakiya ba, a wuya yake mutuwa. Akwai na tagulla siriri da aka buga kamar gwangwani, wannan ka taka shi sau ɗaya ya lotse ya fara yoyo har abada. Akwai mai kauri da aka yanka a inji, mai kusurwa shida da sifana ke kamawa, shi ake so, kuma a rubuta babu dalma. Na alminiyam ba nauyi amma in ka bar shi ɗaure a kan tagulla wata da watanni cikin danshi sai su manne da juna, don haka mai irinsa ya riƙa kwancewa lokaci-lokaci. Na roba ba ya tsatsa amma rana na cin sa. Ka ga ko akwai ɗan sifirin ko hannun roba a wuyan da ke hana shi karyewa daidai inda ya fito daga famfo, sannan ka leƙa ciki ka ga washa, wato ɗan zoben roba, na nan. Maganar washa, sayi fakiti guda ka ajiye, kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba. Shi wannan tiredin ba shi ke tare ruwa ba, washar ce, don haka in ka ga ɗiga kada ka kama nannaɗa farin tef ko matsewa da filaya, canza washa kawai ka ɗaure da hannu.

Na bakwai, tambayi kanka wane yanayi za ka shiga. In fitarka ta bazara ce kawai tsallake wannan. In kuwa za ka kwana inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili, kuma ka sani a tsaunuka irin na Yellowstone ko Kolorado hakan na faruwa da daddare tun watan Satumba, to ruwan cikin tiyo zai daskare. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, ko ya fasa tiyon ko ya tsaga filta, mafi sauƙi ka tashi sallar asuba ka murɗa famfo ka ji shiru. Akwai tiyo mai hita a jikinsa da ake jonawa a wutar lantarki mai volt 120, wasu an rubuta suna jure sanyi har digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Amurka, wato wajen 29 ƙasa da sifili a namu, wasu har 40 ƙasa da sifili. In za ka saya ka auna tsawon da kake buƙata daidai saboda ba a yanka shi, ka duba ta wane gefe filoginsa yake don ya kai soket, in mai ɗan na'urar jin sanyi ne ka bar ta a waje cikin iska kada ka cusa ta cikin mota inda ke da ɗumi, in ba haka ba hitar ba za ta tashi ba. Kan famfon ma a naɗe shi da wani abu, don tiyo mai zafi ba ya hana famfo daskarewa.

Tsadarsa ninkin ba ninkin ce. Ni dai ban saya ba, sai in zama za ka yi na wata da watanni a cikin hunturu. Dare ɗaya biyu, cika tankinka da yamma, kwance tiyo, zazzage ruwan ka shigar da shi ciki, shi kenan.

Na takwas, tiyo ba ya tafiya shi kaɗai, akwai 'yan rakiya uku. Babbansu rigileta, mai rage ƙarfin ruwa. Bututun cikin motocin nan an fi so ƙarfin ya tsaya tsakanin psi 40 zuwa 60, psi shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa, amma wani zangon famfonsa na iya haura 100, musamman da daddare in kowa ya kwanta ba mai jan ruwa. Na taɓa ganin maƙwabcinmu a wani zango ya dawo daga yawo ya tarar ruwa na zuba ta ƙarƙashin ƙofarsa, wata mahaɗa ce ta ɓalle a bayan kabad ɗin kicin, ranar ban yi barci ba sai da na sake duba nawa. Akwai ƙarami mai araha da aka saita shi a 40 zuwa 50, yana kare ka amma yakan shaƙe ruwan wanka. Akwai mai agogo da kake saitawa da kanka, ni a 45 zuwa 50 nake barin nawa. Shi ma tagulla ce, a duba babu dalma. Kuma a kan famfo ake ɗaura shi, ba a jikin mota ba, don tiyon ma ya shiga cikin kariyar, in ka sa shi a ƙarshe tiyon ne zai sha duk ƙarfin ya kumbura a rana kamar cikin mai kwashoko.

Sai filta, shuɗiyar nan mai gawayi a ciki da ake ɗaurawa a layi. Tana cire yashi da warin kulorin, ruwan ya yi daɗin shayi, amma kada ka ɗauka tana kashe ƙwayoyin cuta, ba aikinta ba ne. Akwai kibiya a jikinta mai nuna inda ruwa zai bi, kuma ana canza ta kamar bayan wata uku. Wani abu da ba a cika faɗa ba, tunda tana cire kulorin, ruwan da ka tace ka zuba a tanki ya fi saurin lalacewa, don haka kada ka bar shi ya yi makonni a ciki.

Na ƙarshensu elbo, ɗan gwiwar tagulla da ake ɗaurawa a bakin motar don tiyon ya sauka ƙasa a miƙe maimakon ya rataya yana jan bakin da nauyinsa. Ɗan abu ne amma yana ceton gyara mai tsada.

To ka sayo, kada ka jona ka sha nan take. Samu bokiti mai tsabta, ruwa lita 4 da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na bilic marar turare, irin su Clorox, wato abin da muke ce wa haifo a gida. Ɗura a cikin tiyon, haɗa bakinsa biyu ka murɗe su ya zama zobe, jujjuya shi ruwan ya zaga ko'ina, ka bar shi ya ɗan jima, sannan ka ɗauraye da ruwan famfo har sai warin ya tafi. In tankin motar za ka wanke gaba ɗaya, ma'aunin da aka saba shi ne rubu'in kofi na bilic ga kowane galan 15, kusan mililita 1 ga lita 1 kenan, a sirka shi da ruwa kafin a zuba, a buɗe kowane famfo har a ji warin, a bar shi aƙalla awa 4, a zubar a ɗauraye. Cire filta kafin ka fara. Kuma kada ka haɗa bilic da binega ko wani maganin wanki, hayaƙin da ke tashi guba ne.

In ka isa zango ga jerin yadda nake yi. Nakan fara fesa ruwan bilic a bakin famfon in bar shi minti ɗaya biyu, domin famfunan nan gajeru ne, karnukan mutane na ɗaga ƙafa a kansu, kuma wallahi da idona na ga mai wanke bututun masai a bakin famfon sha. Sai in buɗe ruwan ya zuba na ɗan lokaci ya kore tsatsa da ƙwari. Sai rigileta, sai filta, sai tiyo, in sake buɗe ruwa ya bi ta cikinsu duka ya fita ƙasa har baƙin garin gawayin sabuwar filta ya ƙare iska ma ta fita, in kashe, sannan in ɗaura a elbo. Buɗe famfon a hankali ake yi. Ragowar tiyon a tura shi ƙarƙashin mota cikin inuwa. In mun wuni a waje muka dawo, ana barin ruwa ya ɗan zuba kafin a tara na sha, kuma duk lokacin da za mu bar motar ko na awa ɗaya ne sai na rufe famfon waje.

Wurin juye ƙazanta kuma akwai tiyo a rataye da famfo, sau da yawa da jan fenti ko allo mai cewa ba na sha ba ne. Ko tankinka ya bushe ƙaraf kada ka cika a nan, kada ma tiyonka ya sauka a wurin.

Ranar tashi, fara da na sha tun hannunka na da tsabta, sai ka gama ka rufe akwatinsa sannan ka sa safar hannu ka koma kan masai. Wajen naɗewa ɗaga gefe ɗaya sama ka bi shi a hankali ruwan ya tsiyaye, kada bakin ya ja ƙasa, ka naɗe shi da faɗi yadda ya saba, ka murɗe bakunan biyu da juna don kada ƙura ko kyankyaso su shiga. Wannan na tafiyar kwana kaɗan ne. In ajiyar watanni ce rataye shi a buɗe ya bushe sarai tukuna, in ka rufe shi da danshi za ka buɗe ka tarar da baƙin fumfuna. Akwatinsa daban, da rigileta da filta da elbo a ciki, na ƙazanta kuma a wani ɓangaren motar can nesa.

Duk farkon kakar fita ina haska tocila a cikin bakin in leƙa, in zura ɗan yatsa. In na ji santsi ko na ga kore-kore ko ɗigon baƙi, in wanke da bilic, in bai fita ba ko warin ya dawo bayan kwana biyu to ya gama aiki. Haka in jikin ya fara tsattsagewa ko ya yi ƙulli kamar ƙari ko yana danƙo a hannu. Ba na jefarwa dai, ina naɗa masa jan tef a bakin nan biyu ya koma na wanke tayoyi da tabarmar ƙofa.